Yadda Ake Ɗaukar Hoton Faifan Kwamfuta Mai Kulle da Yadda Ake Mayar da Shi

Hoton faifai, ga wanda bai saba jin kalmar ba, kwafin faifan kwamfuta ne gaba ɗayansa a cikin fayil: Windows ko Linux ɗin da ke kai, manhajoji, saituna, takardu, har da yadda aka yanka faifan ɓangare-ɓangare. Ranar da hadis, wato faifan, ya mutu sai ka sayo sabo, ka zuba hoton, kwamfuta ta tashi kamar jiya ka kashe ta. Na yi wannan aiki ba adadi. Sai dai in faifan a kulle yake da BitLocker (tsarin kulle faifai na Windows) ko LUKS (na Linux), abu ɗaya ya ƙaru wanda ya fi hoton kansa muhimmanci, wato makulli. Shi ya sa a nan za mu daɗe a kan makulli kafin mu taɓa manhajar ɗaukar hoto.

Kayan aiki

Filash mai gigabayit 2 ko fiye, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, domin za a goge shi.

Hadis na waje wanda sararinsa ya fi girman faifan da za ka kwafa. Girman faifan nake nufi, ba yawan abin da ke ciki ba. Bayanin dalili na tafe.

Clonezilla Live, manhajar da za ta ɗauki hoton. Kyauta ce, wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan ce ta samar da ita. Ka sauke ta daga shafinta na asali, nau'in amd64.

Rufus ko Ventoy, don zuba Clonezilla a filash.

Takarda da biro. Da gaske nake.

Wuta mai ɗorewa: caja a jone, batir a cike, in da inbata ko janareta a shirye, ya fi.

In da hali, wani faifan daban na gwaji, mai girman na asali ko fiye.

Abu ɗaya da za ka fahimta kafin ka fara

A faifan da ba kulle, Clonezilla tana karanta tsarin fayiloli, ta san inda akwai kaya da inda babu, ta kwashi mai kaya kaɗai ta matse shi. Shi ya sa faifai mai gigabayit 500 kan ba da hoto mai 60 ko 80. Faifai mai kulle kuwa, in ta kalle shi ba ta ganin komai sai hargitsin lambobi. Ba ta iya bambance takardarka da fili, don haka sai ta bi shi tun daga farko har ƙarshe ta kwashe duka, kuma rufaffen bayani ba ya matsuwa. Ke nan hoton zai kai girman faifan. Wani lokaci yakan fito ƙasa da haka, in akwai filin da ba a taɓa rubutu a kansa ba, amma kada ka yi lissafi da wannan sa'ar.

Ke nan hanya biyu ce. Ko ka kwafe shi a kulle yadda yake: hoton ya yi girma, ya ci lokaci, amma ko an sace hadis ɗin ba mai karanta shi. Ko ka buɗe kullen sannan ka kwafa: hoton ya yi ƙarami, amma sirrinka yana zube a cikinsa sai in ka sake kulle hoton da kansa. Ga mai koyo, ta farko nake zaɓa masa, domin wuraren kuskure a cikinta kaɗan ne. Ita za mu bi.

1. Gano irin kullen da ke kan faifan

A Windows, buɗe Command Prompt da izinin admin ka rubuta:

manage-bde -status

Zai nuna maka kowane ɓangare da ko an kulle shi. Kada ka ce ai ni ban taɓa kunna BitLocker ba. Kwamfutoci da yawa suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun daga Windows 11 siga 24H2 abin ya ƙara yawa, har a nau'in Home. Mutane da dama ba su san faifansu a kulle yake ba sai ranar da shuɗin allon BitLocker mai neman makulli ya tare su.

A Linux, rubuta lsblk -f a taminal, wato tagar rubuta umarni. Ɓangaren da aka rubuta crypto_LUKS a gabansa shi ne mai kullen. Rubuta sunansa a takarda, misali sda3 ko nvme0n1p3. A Ubuntu za ka ga wasu ƙananan ɓangarori biyu a gabansa, na EFI da na boot, masu ɗauke da fayilolin tayar da kwamfuta, waɗanda ba a kulle suke ba. Ba su, kwamfuta ba ta tashi, don haka da su za a kwafa.

2. Mallaki makullin a hannunka

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini kwamfutarta da ruwa ya ci bod ɗinta, wato babban allon lantarkin da ke cikinta. Faifan lafiyarsa ƙalau, har hoto na ɗauka na zuba a wata kwamfutar. Muka kunna, shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Ta zauna a kan benci da wayarta, ta gwada imel ɗinta na farko, babu. Na biyu, babu. Can ta tuna wani yaro ne ya saka mata Windows a inda ta saya, shi ya buɗe asusun, ba ta san sunan asusun ba balle kalmar sirrinsa. Lissafin kasuwancinta na shekaru yana nan a gabanmu cikin faifai mai lafiya, ba yadda za mu yi da shi. Har yau abin yana damuna. Tun daga ranar ba na fara ɗaukar hoto sai na ga makulli da idona.

Na BitLocker lambobi 48 ne, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. A Command Prompt ɗin nan rubuta:

manage-bde -protectors -get C:

Ƙarƙashin Numerical Password za ka ga ID da kuma lambobin. Kwafe duka biyun a takarda, ka sa ranar da ka rubuta, sannan ka sake karantawa rukuni-rukuni kana gwadawa da allo. ID ɗin yana da amfani, domin shuɗin allon da shi yake faɗa maka wane makulli yake nema. In akwai ɓangaren D: mai kulle, shi ma makullinsa daban ne. Yawanci akwai kwafi a asusun Microsoft ɗinka, ko wurin masu kula da kwamfutocin ofis in ta aiki ce, amma takardar hannu ba ta buƙatar data.

Dalilin da ya sa kwamfutar ba ta tambayarka komai kullum shi ne wani ɗan guntu a jikin bod mai suna TPM, shi ke riƙe da makullin yana buɗewa a ɓoye. Wannan guntun ba ya shiga hoto. Bod ya mutu, ya tafi da shi.

LUKS kuma nasa tsarin daban ne. Kalmar sirrinka ba ita ke buɗe bayanan kai tsaye ba. Tana buɗe ainihin makullin ne, wanda ke ajiye a wani ɗan wuri a farkon ɓangaren da ake kira header, kan faifai ke nan. A LUKS2 girmansa megabayit 16 ne kacal. In wannan wurin ya lalace, ko kana da kalmar sirri daidai, komai ya tafi. Don haka ka ajiye shi daban:

sudo cryptsetup luksHeaderBackup /dev/sda3 --header-backup-file kan-faifai.img

Sa sunan ɓangarenka a madadin sda3. Kai wannan fayil wani filash daban, kada ya kwana a cikin faifan da yake karewa. Ka kuma sani cewa duk wanda ya samu fayil ɗin tare da kalmar sirrin da ke aiki a ranar da ka ajiye shi zai iya buɗe faifan, ko da ka canza kalma daga baya. Adana shi kamar takardar fili.

Wannan maganar ta shafi hoton ma. Hoton da ka ɗauka yau, kalmar yau yake ji. Ka canza kalma bayan wata uku, ka manta tsohuwar, ka rufe wa kanka ƙofa.

3. Haɗa filash ɗin Clonezilla

Buɗe Rufus, zaɓi filash, zaɓi fayil ɗin ISO, wato Clonezilla ɗin da ka sauke, danna Start. In Ventoy ne, saka shi a filash sau ɗaya sannan ka jefa ISO ɗin ciki. Minti biyar ya isa.

4. Auna faifai, shirya wurin ajiya

Hadis na waje ya kasance NTFS, exFAT ko ext4. Ka guji FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4.

Sannan ka rubuta ainihin girman faifan asali. A Linux, lsblk -b zai ba ka shi da bayit. Wannan lambar za ta yi maka rana wajen sayen sabon faifai, domin mai gigabayit 480 da 500 da 512 duk a kasuwa "ɗari biyar" ake ce musu, amma hoton 512 ba ya shiga 500. A faifan da ba kulle akwai dabarun matsawa. A mai kulle da aka kwafa a rufe babu, ko bayit ɗaya ya gaza aikin ya tsaya.

Yi lissafin lokaci kuma. Hadis na waje a ramin USB 3, mai shuɗin ciki, yakan yi kusan megabayit 100 a daƙiƙa, wato gigabayit 500 zai ci kamar awa ɗaya da rabi. A tsohon ramin USB 2 sai ka ba shi awa huɗu zuwa biyar. Kada ka fara da batir rabi kana fatan ba za a ɗauke wuta ba. Hoton da ya yanke a tsakiya sai dai a sake daga farko.

5. Kashe kwamfutar kashewa ta gaskiya

Windows tana da wata ɗabi'a: ka danna Shut down, ita kuwa ta yi rabin barci don ta tashi da sauri. Hoton da aka ɗauka a wannan hali yakan zo da rikici. Rubuta shutdown /s /t 0 a Command Prompt, ko ka riƙe Shift yayin da kake danna Shut down. A Linux ma kashewa za ka yi, ban da hibernate, wato sa ta barci.

Za ka ji wasu na cewa a dakatar da BitLocker, wato Suspend protection, kafin ɗaukar hoto, don kada ya nemi makulli bayan an mayar. Gaskiya ne ba zai nema ba. Amma ka san abin da dakatarwar take yi: tana ajiye makullin a fili a jikin faifan. Hoton da ka ɗauka a haka, duk wanda ya tsince shi ya buɗe. Ni ba na yi. Tunda lambobi 48 suna aljihuna, gara ya tambaya in ba shi.

Kada kuma ka taɓa saitunan BIOS, wato saitunan bod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ba dalili. Kashe saitin tsaron tashi mai suna Secure Boot kaɗai ya isa ya sa BitLocker ya nemi makulli a tashi na gaba, alhali Clonezilla amd64 tana tashi ko da Secure Boot a kunne. Yi amfani da maɓallin zaɓen abin tashi na lokaci ɗaya: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP.

6. Ɗauki hoton

Clonezilla ta tashi, za ta tambayi harshe da tsarin kibod. Daga nan bi wannan layi: Start Clonezilla, device-image, local_dev. Yanzu jona hadis na waje, jira 'yan daƙiƙu, danna Enter. In ka ga sunansa a jerin, danna Ctrl da C.

Tambaya ta gaba ita ce inda za a ajiye hoton. Nan ka nutsu. Hadis na waje za ka zaɓa, ka gane shi da girmansa da sunan kamfaninsa, kada ka dogara da sda ko sdb, domin waɗannan sunaye suna canzawa daga tashi zuwa tashi.

Zaɓi Beginner, sannan savedisk. Akwai saveparts mai ɗaukar ɓangare ɗaya, kuma mutane na son sa don rage girma, amma sai su bar EFI da boot a baya, ranar mayarwa su samu bayanai ba hanyar tashi. Waɗannan ƙananan ɓangarorin ba su da wani nauyi. Ɗauki faifan duka.

Ba hoton suna mai ma'ana, da sunan kwamfuta da kwanan wata. Zaɓi faifan asali. Wajen matsewa bar abin da ta zaɓa. Wajen duba tsarin fayiloli zaɓi tsallakewa, ba abin da za ta iya dubawa a rufaffen ɓangare. In ta tambaya ko ta duba hoton bayan ta gama, ce mata eh.

Tun siga ta 3.0 da ta fito a 2022, Clonezilla ta san LUKS, takan tambaya ko kana so ta buɗe ɓangaren. In ka ƙi, ta kwafe shi a kulle, abin da muke so ke nan. In wurin ajiyarka ya yi kaɗan dole ka yarda, to a tambayar da ke biye game da kulle hoton, zaɓi a kulle shi da kalmar sirri, ka rubuta ita ma a takardar nan. A nan ne kibod ke yaudarar mutane: kwamfutocin da suka biyo ta ƙasashen Faransanci, irin waɗanda suka yi yawa a Nijar, tsarin AZERTY gare su, Clonezilla kuwa da tsarin Amurka take tashi. Ka buga kalma daidai ta ce ba daidai ba, saboda A ta koma Q, lambobi da alamomi sun sauya wuri. Gyara tsarin kibod tun a tambayar farko.

Danna y, ka bar ta ta yi aikinta. Kada a motsa hadis, kada a ɗora kwamfutar a kan katifa ta yi zafi.

7. Gwada hoton kafin ka yarda da shi

Dubawar da Clonezilla ke yi tana tabbatar da cewa fayilolin hoton ba su lalace ba. Ba ta tabbatar da cewa makullinka zai buɗe. Wannan sai ka gwada da kanka.

Mayar da hoton a faifan gwaji kamar yadda mataki na 8 ya nuna. In LUKS ne, daga filash ɗin Linux rubuta:

sudo cryptsetup open --test-passphrase /dev/sdb3

Sa sunan ɓangaren mai kulle na faifan gwaji a madadin sdb3. Ka buga kalma, in ya koma shiru ba ƙorafi, ta buɗe. In BitLocker ne, jona faifan gwajin a wata kwamfutar Windows, ka buɗe shi da lambobi 48 daga takardarka, ka shiga ka buɗe fayil biyu-uku. Kuskuren lamba ɗaya a takarda, yau ne ranar gano shi, lokacin da kwamfutar asali ke raye.

Kada ka tashi kwamfuta da faifan asali da kwafinsa duka a jone. Lambar shaidarsu ɗaya ce, Linux na iya ɗaukar wannan a madadin wancan, ka yi ta rubutu a inda ba ka nufa ba.

8. Mayar da hoton

Saka sabon faifai, cire duk wani faifan da ba ruwansa da aikin. Tashi da Clonezilla, bi layin ɗazu har zuwa Beginner, sai ka zaɓi restoredisk. Zaɓi hoton, sannan faifan da za a zuba. Duk abin da ke kan wannan faifan zai tafi, ba dawowa. Sau biyu za ta tambaye ka, kuma ba don ado ba: karanta girma da sunan faifan a kowace tambaya kafin ka danna y.

In matsalarka kan LUKS ne kawai ya lalace, faifan kuwa lafiya, ba sai ka mayar da hoto duka ba:

sudo cryptsetup luksHeaderRestore /dev/sda3 --header-backup-file kan-faifai.img

Tabbatar ɓangaren da ka nuna shi ne mai wannan kan. Ka ɗora kan wani a jikin wani, ka kashe shi.

9. Tashin farko

Cire filash da hadis na waje. Linux za ta nemi kalmar sirrin ranar da aka ɗauki hoto. Windows a kwamfutarta ta asali sau da yawa takan wuce ba tambaya, tunda TPM ɗin bai canza ba. A sabon bod kuwa dole ta nemi lambobi 48. Bayan ka shiga, dakatar da BitLocker ka sake kunna shi don ya ƙulla da yanayin yanzu. In duk da haka tana tambaya a kowane tashi, cire tsohon ƙullin ka yi sabo:

manage-bde -protectors -delete C: -type TPM
manage-bde -protectors -add C: -tpm

In sabon faifan ya fi tsohon girma, za ka ga fili a ƙarshe ba kowa. A Windows, Disk Management zai faɗaɗa C: in filin yana manne da shi. A Linux hawa-hawa ake yi daga waje zuwa ciki: faɗaɗa ɓangaren da GParted, sai cryptsetup resize, sai pvresize, sai lvextend tare da -r. Kada ka yi wannan a ranar farko. Bari kwamfutar ta yi kwana biyu tana aiki lafiya tukuna.

In wani abu ya gaza

In baƙin allon Clonezilla yana ba ka tsoro, akwai Rescuezilla, mai maɓallan dannawa da linzami, kuma tana karanta hotunan Clonezilla.

In ba ka da ko ɗaya sai filash ɗin Ubuntu, umarnin kwafa mai suna dd ya isa:

sudo dd if=/dev/sda of=/media/ajiya/kwamfuta.img bs=4M status=progress

if shi ne inda ake ɗebowa, of inda ake zubawa. Ka juya su, ka shafe faifanka da hannunka, kuma dd ba ya tambaya ko sau ɗaya. Amfanin irin wannan hoton shi ne kana iya jona shi da losetup, ka buɗe da cryptsetup, ka ciro fayil ɗaya tak ba tare da mayar da komai ba. Cryptsetup daga siga 2.3 yana buɗe BitLocker ma.

In faifan ya fara ciwo, yana ƙara ko yana tsayawa, ajiye Clonezilla da dd, ɗauko ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai ciwo. Shi yana tsallake wurin da ya lalace ya kwashe mai kyau tukuna, kuma yana riƙe da taswirar inda ya tsaya, ko wuta ta ɗauke ya ci gaba daga nan. A irin wannan hali fara ajiye kan LUKS kafin komai.

Akwai kuma manhajojin da ke ɗaukar hoto daga cikin Windows tana aiki, irin su Macrium Reflect da Veeam Agent. Suna da sauƙi, hotonsu ƙarami ne, kuma ana iya sa su yi kullum da kansu. Sai dai tunda faifan a buɗe yake lokacin da suke karantawa, abin da ke cikin hoton ma a buɗe yake. Kunna kalmar sirrin hoton a cikin manhajar, kuma bayan ka mayar ka rubuta manage-bde -status ka gani, domin sau da yawa faifan kan dawo ba kulle, sai ka sake kunna BitLocker, ya ba ka sabbin lambobi 48, ka koma mataki na 2 ka rubuta su.